Masana Kimiyya Su Fito Da Bincikensu Bainar Jama'a, Su Kuma Tsaya A Yi Musu Tambaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya daɗe yana yi mini kai-kawo a zuciya, wato yadda masana kimiyya ke isar da sakamakon bincikensu ga jama'ar gari ta hanyar lacca da baje koli. Na shafe shekaru masu yawa ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare kafin in ajiye alli, kuma har yau duk inda na ji an ce masana za su yi wa jama'a bayani, ina ƙoƙarin in halarta. Abin da na gani a tsawon wannan lokaci ya tabbatar mini cewa fitowar masani gaban jama'a ba alfarma ba ce da yake yi musu, bashi ne yake biya, kuma biyan ba ya cika sai ya tsaya an yi masa tambaya ya amsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ranar buɗe ƙofa ga jama'a da wata jami'a ta shirya, wadda ba zan ambaci sunanta ba, domin ba ita kaɗai ke da wannan hali ba. Da hantsi aka tara mu a babban ɗakin taro, aka ɓata kusan awa guda ana gabatar da manyan baƙi, sannan wani shehin malami ya tashi ya kunna majigi. Jadawali na bin jadawali a kan allo, kowanne cike da lambobi ƙanana kamar tururuwa, shi kuwa ya juya mana ƙeya yana karanta abin da ke rubuce, cikin harshen da ko rabin mutanen ɗakin ba su ji. Ban yi shakkar iliminsa ba, kuma na san aikin da ya gabatar a kan gurɓatar ruwan sha ya ci masa shekaru. Amma da ya kammala aka tafa, sai mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure, ba za a karɓi tambaya ba, aka raka malam zuwa motarsa. Mutane suka watse kowa da abin da ya shigo da shi, ba ƙari ba ragi.

A hanyar fita ne, a wani lungu na baranda, na tarar da wata ɗaliba mai neman digiri na biyu ta kafa ƙaramin tebur, a kansa akwai madubin ƙara girma guda ɗaya, da kwalbar ruwan kududdufi, da ƙaramar fitilar gwaji. Wani dattijo ya sunkuya ya kafa ido, ya daɗe bai ɗago ba, domin a cikin ɗigo guda na ruwan da ya ɗauka ba kome a ciki ya ga halittu na iyo, wasu na juyawa kamar gora a kan ruwa, wasu na wulƙawa su ɓace. Da ya ɗago sai ya ce, "'Yata, idan aka tafasa ruwan fa?" Ba ta ce masa littafi ya ce kaza ba. Ta zuba kaɗan a kwalbar gwaji ta tafasa a gabansa, ta bari ya huce, ta ɗiga, ta ce, "Baba, sake dubawa." Ya duba, babu abin da ke motsi. Sannan ta ƙara masa da gaskiyar da mai neman burgewa zai ɓoye, cewa ba duk halittun da ya gani ne ke sa cuta ba, cewa da yawa daga cikin masu cutarwar sun fi ƙanƙanta da a gan su da wannan madubi, kuma tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta fitar da guba irin ta dalma idan ta shiga ruwa. Daga nan ya jefo mata wata tambayar: bayan an tafasa an ajiye, kwana nawa ruwan zai yi kafin halittun su dawo? Ta ce ya danganta da mazubin da hannun da ke ɗiba, amma ita ba ta auna ba, don haka ba za ta faɗi adadi ba. Ta ɗauki biro ta rubuta tambayar a bayan takardarta. A ganina, a wannan rana jami'ar ta yi magana da jama'a sau ɗaya ne, kuma a kan wannan tebur aka yi ta.

Kada wani ya ɗauka cewa wannan aiki na ƙananan ma'aikata ne, ko sabon yayi ne da aka ƙirƙiro don ɗaukar hoto. Duk wanda ke kunna fitilar lantarki yana cin gajiyar wata lacca da aka buɗe wa kowa a birnin Landan a shekarar 1812. Michael Faraday ɗan maƙeri ne da bai yi karatu mai zurfi ba, yana koyon ɗinkin littattafai a shagon wani, sai wani mai hulɗa da shagon ya ba shi tikitin shiga laccocin Humphry Davy, shahararren masanin sinadarai, a cibiyar kimiyya ta Royal Institution. Ya zauna ya rubuta duk abin da ya ji ya kuma zana abin da ya gani, ya ɗinke takardun da hannunsa suka zama littafi, ya aika wa Davy. A 1813 aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje, kuma a 1831 shi ne ya gano yadda motsa maganaɗisu kusa da waya ke haifar da lantarki, wanda a kansa aka gina janareto da taransifoma. Da an ce laccar Davy ta masu digiri ce kaɗai, da yaron shago bai tsallake bakin ƙofa ba.

Faraday bai manta da ƙofar da ya shigo ta cikinta ba. A 1825 aka fara laccocin ƙarshen shekara na yara da matasa a wannan cibiya bisa ƙoƙarinsa, shi da kansa ya gabatar da jeri 19 daga cikinsu, kuma har yanzu ana yin su, ban da 'yan shekarun da Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da su. Mafi shahara su ne laccoci shida da ya yi a kan kyandir kawai. Na sha maimaita ɗaya daga cikin gwaje-gwajensa a aji, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Ka kunna kyandir ya ɗan ci, ka hura shi a hankali ya mutu, sai farin hayaƙi ya tashi daga lagwani. Ka kawo ashana mai ci kusa da hayaƙin, ba tare da ka taɓa lagwanin ba, sai ka ga wuta ta bi hayaƙin ta gangara ta sake kama kyandir. A nan yaro zai gane da idonsa cewa ba daskararren kakin ne ke ci ba, tururinsa ne, kuma daga wannan ƙaramin abu ake jan zare zuwa iskar da muke shaƙa da wadda muke fitarwa. Mutumin da ya fi kowa sanin lantarki a zamaninsa bai ga ya zubar da girmansa ba don ya tsaya gaban yara da kyandir a hannu.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma ban san inda wannan magana ta fi tabbata ba kamar abin da Léon Foucault ya yi a birnin Faris a 1851. A lokacin babu mai ilimin da ke musun cewa duniya na juyawa, amma galibin hujjojin suna cikin lissafin taurari, ba a gaban idon mai wucewa ba. Sai ya rataya dunƙulen ƙarfe mai nauyin kilo 28 da waya mai tsawon mita 67 daga ƙololuwar ginin Panthéon, ya sake shi yana lilo, tsinin da ke ƙasansa yana shatar yashin da aka tara a gefe. Kowane zuwa da dawowa sai shatin ya ɗan gusa, har ya kai kusan digiri 11 a cikin awa guda, alhali babu wanda ya taɓa dunƙulen: ƙasar ce ke juyawa a ƙarƙashinsa. Jama'a suka yi ta tururuwa suna kallo. Sai dai akwai abin lura ga masu son kwaikwayo, domin gusawar tana raguwa gwargwadon kusantar mutum da layin da ya raba duniya biyu, a kan layin kuwa ba ta faruwa sam. Wanda ya kwafo baje kolin wata ƙasa bai auna ko ya dace da inda yake ba, zai iya tara mutane su yini suna kallon ƙarfe na lilo a banza.

Uzurin da na fi ji shi ne rashin kuɗi da kayan aiki. Ban raina shi ba, amma bai gamsar da ni ba. Bayan kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse a watan Janairun 1986 ya halaka mutum bakwai, Richard Feynman, masanin kimiyya kuma ɗaya daga cikin 'yan kwamitin binciken hatsarin, ya matse guntun robar da ake toshe mahaɗar roka da ita, ya tsoma a kofin ruwan ƙanƙara a gaban kyamarorin talabijin, ya nuna cewa idan ta yi sanyi ba ta komawa yadda take da wuri. Kofi guda ya fahimtar da jama'a abin da tarin takardu ya kasa. Haka kuma gidan baje kolin kimiyya na Exploratorium da Frank Oppenheimer ya buɗe a San Francisco a 1969 bai yi suna don tsadar kayansa ba. Ya yi suna ne domin an bar baƙo ya taɓa, ya murɗa, ya ɓata, ya sake gwadawa, an bar wurin ƙera kayan a buɗe kowa na ganin yadda ake haɗa su, an kuma ɗauki 'yan sakandare su ne masu yi wa baƙi bayani. Baje kolin da kowane kaya ke cikin gilashi da takardar "kada a taɓa" a jikinsa bai bambanta da laccar shehin malamin nan ba, sai dai shi a tsaye ake shan wahalarsa.

Duk da haka, Malam Edita, ba zan ɓoye ba cewa fitowa bainar jama'a tana da nata haɗari, kuma masanan da ke ɗari-ɗari da ita ba duka ne masu girman kai ba. Ido ma ana yaudararsa, kunne kuwa ya fi saurin ruɗuwa. A ranar 23 ga Maris, 1989, masana biyu, Martin Fleischmann da Stanley Pons, suka kira taron manema labarai a Jami'ar Utah suka sanar cewa sun haɗe ƙwayoyin zarra a cikin kwalba a zafin ɗaki na yau da kullum, irin haɗuwar da ke ba rana ƙarfinta. Da haka ne, da matsalar makamashi ta kusa zama tarihi. Labarin ya zagaye duniya kafin sauran masana su samu cikakken bayanin da za su gwada da shi, da suka gwada kuwa, manyan ɗakunan gwaje-gwaje suka kasa samun abin da aka faɗa, kuma kafin shekarar ta ƙare kwamitin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ya ce babu gamsasshiyar hujja. Abin da na ɗauka daga nan ba wai masani ya kulle bakinsa ba ne. Abin da ya kamata ya kawo wa jama'a shi ne yadda ya san abin da yake faɗa, da iyakar inda saninsa ya tsaya, da ko wasu sun maimaita aikin sun samu abin da ya samu. Mai cewa "na gano maganin kaza" ba tare da ya faɗi a kan mutum nawa aka gwada ba, ko ma a kan ɓera ne aka tsaya, talla yake yi, ko da kuwa yana sanye da farar rigar ɗakin gwaji.

Wurin da na fi so a tsaya a yi nazari shi ne saurare, domin yawancin masu shirya irin wannan taro suna ɗaukar jama'a tamkar tulu ne babu kome a ciki, aikinsu kawai su ɗura. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl da ke Ukraine a watan Afrilun 1986, ruwan sama ya sauko da burɓushin siziyom, wani sinadarin nukiliya mai cutarwa da ya taso daga tashar, a kan tuddan Cumbria da ke arewacin Ingila, inda ake kiwon tumaki. Hukuma ta hana sayar da tumakin, masana suka ce haramcin na mako uku ne. Lissafinsu ya ginu ne a kan irin ƙasar laka da ke riƙe sinadarin ta hana shi shiga ciyawa, alhali ƙasar tuddan daban ce, mai tsami ce, sinadarin ya ci gaba da hawa cikin ciyawa yana shiga jikin dabbobi. Makiyayan sun san kowane kwari da kowace gangara, sun san inda ruwa ke taruwa da inda tumaki ke son kiwo, amma ba a nemi saninsu ba. Har da aka zo wani gwaji da ya buƙaci killace tumakin a shinge, suka ce dabbar da ta saba yawo a tudu za ta rame idan aka tsare ta, gwajin zai lalace, ba a saurare su ba, kuma abin da suka faɗa ne ya faru. Masanin zamantakewa Brian Wynne ne ya bi diddigin wannan labari. Sai a 2012, bayan shekara 26, aka ɗage haramci na ƙarshe. Da an yi zama irin na teburin ɗalibar nan tun farko, inda mai tambaya ma ake rubuta maganarsa, da masanan sun rage wa kansu kunya, makiyayan kuma ba su yanke ƙauna da maganar hukuma ba.

Maganar harshe ba ta buƙatar dogon bayani. Galileo, masanin taurari ɗan ƙasar Italiya, ya rubuta littafinsa na 1632 a kan tsarin duniya da rana da Italiyanci, ba da Latin na malamai ba, domin wanda bai shiga jami'a ba ya karanta. A jihar Kerala ta Indiya, wata ƙungiyar marubuta kimiyya da aka kafa a 1962 ta ɗauki kimiyya cikin harshen Malayalam ta bi ƙauyuka da ita ta hanyar lacca, littattafai da wasan kwaikwayo. Masanin da ya ce bincikensa ba ya faɗuwa da harshen mahaifiyarsa, sau da yawa ba harshen ne ya gaza ba, shi ne bai taɓa zama ya gwada ba.

To me ya sa masana da yawa ba sa fitowa? Domin ba a nan ake auna su ba. Ƙarin girma a jami'a yana bin yawan maƙalun da mutum ya buga a mujallun ilimi, waɗanda 'yan uwansa masana kaɗai ke karantawa, kuma da yawansu sai an biya kuɗi kafin a buɗe su. Wanda ya ɓata mako yana shirya baje koli don 'yan makaranta, a takardar auna aiki ba a ga ya yi kome ba, wani lokaci ma abokan aikinsa su riƙa yi masa kallon mai neman suna. Carl Sagan, wanda shirinsa na talabijin a kan sararin samaniya na 1980 ya kai ga miliyoyin mutane, an ƙi zaɓarsa cikin Kwalejin Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka, wato ƙungiyar manyan masanan ƙasar, a 1992, kuma mutane da yawa na ganin shahararsa a wajen jama'a ce ta jawo masa. Rahoton da Walter Bodmer ya jagoranta a Birtaniya a 1985 ya ce wa masana su ɗauki yi wa jama'a bayani a matsayin wajibi, sannan a shekarar 2000 wani kwamitin Majalisar Dattawan ƙasar ya ƙara da cewa abin da ake buƙata tattaunawa ce, ba huɗuba ba. Amma wajibin da babu lada a yinsa, babu hukunci a barinsa, mai himma kaɗai ke ɗaukarsa. Ya kamata majalisun jami'o'i su sa shi cikin ma'aunin ƙarin girma, masu ba da tallafin bincike kuma su ware masa kaso tun daga farko, su nemi shaidar cewa an koma wurin mutanen da aka yi binciken a kansu.

Wannan batu na komawa shi ne asalin bashin da na ambata. Da dukiyar al'umma ake gina yawancin ɗakunan gwaje-gwaje ana biyan masu aiki a cikinsu. Bayan haka, mutane ne ke miƙa hannu a ɗebi jininsu, manomi ya ba da gefen gonarsa a yi gwaji, uwa ta zauna ta amsa tambayoyi shafi goma a kan lafiyar ɗanta, sannan mai binciken ya tattara takardunsa ya tafi, ba a sake jin ɗuriyarsa sai wani ya zo da irin tambayoyin. Sashe na 27 na Jawabin Duniya Kan 'Yancin Ɗan Adam na 1948 ya ce kowa na da haƙƙin cin moriyar ci gaban kimiyya, kuma ban ga yadda mutum zai ci moriyar abin da aka gano a jikinsa ba alhali ba a dawo an gaya masa ba. Ranar da annoba ta ɓulla aka zo ana roƙon jama'a su yarda da allurar rigakafi, masanin da suka taɓa gani, suka taɓa yi masa tambaya ya ce "ban sani ba" a inda bai sani ba, shi za su saurara, ba baƙon da ya bayyana ranar tsoro ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, bai wuce ƙarfin jarida ba. UNESCO ta ware 10 ga Nuwamba ta kowace shekara a matsayin Ranar Kimiyya ta Duniya, amma ba sai an jira ta ba. A riƙa sanar da masu karatu lacca ko baje kolin da aka buɗe wa kowa tun kafin ranar, ba bayan an watse ba. Wakilin da aka tura kada ya tsaya ga jerin manyan baƙi da jawabin shugaban taro, ya zagaya baranda ya ga teburan da ke lungu, ya rubuto abin da aka nuna da tambayoyin da aka yi, har da waɗanda aka kasa amsawa. Idan da hali, a buɗe ɗan shafi da masu karatu za su riƙa aiko da tambaya, jarida ta nemo masanin fannin ya amsa da Hausa, da sunansa da inda yake aiki, ya kuma faɗi yadda aka san amsar. Idan aka buɗe shi, tambayar farko da zan aiko ita ce ta dattijon nan, wadda har yau ban ji wanda ya auna ya faɗa masa ba: ruwan da aka tafasa aka ajiye a rufe, kwana nawa zai yi kafin a sake tafasa shi?

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani tsohon malamin kimiyya